Madarar gwangwani iri biyu ce, a duba kafin a biya

Tambayoyin wannan makon daga gidajen da ake yin kek da kayan zaƙi suka fito, kuma damuwarsu kusan ɗaya ce: da Turanci aka rubuta yadda ake girkin, amma a kasuwar Sakkwato za a sayi kayan haɗin.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ina son in yi karamel ɗin nan da ake kwararawa a kan kek. An rubuta a sa "heavy cream". Na zagaya Babbar Kasuwa ban samu ba, wani mai shago ya ba ni "condensed milk" ya ce duk ɗaya ne. Da na haɗa sai zaƙi ya yi masa yawa, ya kama gindin tukunya. Me ya kamata in saya? Daga wata amarya a Mabera.

Amsa: Ƙanwata, ba ɗaya ba ne. "Condensed milk" madara ce da aka zuba wa sukari tun a kamfani, sama da kashi 40 cikin 100 na abin da ke cikin gwangwanin sukari ne. Kin ƙona sukari, kin kuma ƙara masa wani sukarin, dole ya kama. Wadda ta dace ki nema ita ce "evaporated milk", madarar ruwa irin ta Peak da ake zubawa a shayi. An ƙafe mata kusan kashi 60 na ruwanta, ba a sa mata sukari ba. Shi kuwa "heavy cream", wato kirim ɗin nono mai kauri, maiƙonsa ya kai kashi 36, madarar ruwa ba ta kai kashi 10 ba, don haka da bota za ki cike giɓin. Ki kuma duba jikin gwangwanin: in an rubuta "full cream", maiƙon nono ne a ciki, in "filled" ne, an maye shi da man itatuwa. Duka biyun za su yi, amma ta farkon ta fi ɗanɗano, kuma ita zan saya ko da ta fi tsada.

Ga yadda za ki yi. Ki zuba sukari kofi ɗaya a busasshiyar tukunya mai kaurin gindi, ki ɗora a wuta matsakaiciya, kada ki bar wurin ko da waya ta yi ƙara. Zai fara narkewa daga gefe, ya yi gudaji-gudaji, sannan ya zama ruwa. Da ya yi launin zuma mai duhu ki sauke, domin tsakanin wannan launi da ɗaci ba ya wuce 'yan daƙiƙu. Ki sa bota babban cokali shida, ki juya, sai ki riƙa tsiyaya madara rabin kofi a hankali, wadda kika riga kika ɗumama. Zai taso da kumfa da tururi mai ƙarfi. Zafin narkakken sukari yakan kai digiri 170, alhali ruwa a 100 yake tafasa, ga shi yana manne wa fata. Don Allah ki yi amfani da doguwar muciya, kuma kada yaro ya kusanci murhun. In ya dunƙule, ki mayar kan wuta kaɗan. Abin da girkin Turanci ke nufi da "simmer" ke nan: ƙananan kumfa a gefen tukunya, ba tafasa mai ɓal-ɓal ba. Ɗan gishiri a ƙarshe yana fito da ɗanɗanonsa.

Ragowar madarar mai zaƙi kada ki zubar. Ki juye ta a tukunya ita kaɗai, ki yi ta juyawa a wuta kaɗan har ta yi ja. Amma dafa gwangwanin a rufe cikin ruwa, kamar yadda wasu ke nunawa, ban yarda da shi ba, domin in ruwan ya ƙafe yana iya fashewa.

Tambaya: Uwargida ta aike ni in sayo "cocoa powder" da "vanilla". Milo ba zai yi ba, tunda muna da shi a gida? Kuma na ji an ce akwai giya a cikin banila. Daga wani magidanci a Arkilla.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri da kake tsaya wa cefanen iyali. Milo da Bournvita abin sha ne, an riga an haɗa su da sukari da madara da tsiron hatsi, kokon cikinsu kaɗan ne. Wanda uwargida take so shi ne zallar garin 'ya'yan kokon da ake nomawa a Ondo da Kuros Riba, mai duhu, mai ɗaci in an lasa. Ka nemi wanda aka rubuta "unsweetened" a jikinsa. Rabin kofinsa, sukari kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya, a dafa minti biyar ana juyawa, ya isa a kwarara wa kek da fanke har ya yi saura.

Batun banila kuwa, abin da ka ji yana da tushe. A Amurka, doka ta ce wanda za a kira "vanilla extract" sai barasar cikinsa ta kai kashi 35. Akwai garin banila, akwai kuma na ruwa da ba a sa barasa ba. Ka juya kwalbar ka karanta jerin kayan haɗin, ka duba ko akwai "alcohol" ko "ethanol", ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Haka in girki ya ambaci "rum" ko "brandy", giya ce, a tsallake ta, babu abin da zai ragu in an sa ɓawon lemu da aka kankare. Hukuncin ɗan abin da ke shiga abinci na malamai ne, sai ka tambaye su. Ni dai tunda akwai madadi, madadin nake saya.

Tambaya: Ina sayar da kek daga gida. Kofunan awo zan saya ko sikeli? Kuma kwana nawa karamel ke yi? Daga wata Hajiya a Runjin Sambo.

Amsa: Hajiya, tunda sana'a ce, sikeli. Kofin da girkin Amurka ke nufi mililita 240 ne, babban cokali 15, ƙarami 5, kuma kofunan gidajenmu kowanne da girmansa. Sukari kofi ɗaya giram 200 ne, a sikeli ba ya canzawa yau ko gobe, ta haka za ki san ainihin kuɗin da kika kashe.

Karamel mai madara yakan yi mako biyu a firij cikin tsabtatacciyar kwalba mai murfi. Amma wannan lissafin na inda wuta ke tsayawa ne. A zafin Afrilu na garin nan, da ake haura digiri 40, ki yi daidai na odar da ke hannunki, ki kai ranar. Haɗin koko da ruwa da na faɗa a sama ya fi jure ajiya tunda babu madara a ciki, shi za ki iya yi da ɗan yawa.