Amsar Gwaggo kan naman kaza

Ɗiyata, na ga saƙonki tun jiya. Kin ce naman kaza ya fito bayan ɗakinku a Yamai bayan ruwan nan, kina tambaya wai da gaske ne Inna tana magani da shi, ko kema ki tsinko. To dan Allah kar ki taɓa shi tukuna.

Eh da gaske ne, amma fa ba kowanne ba. Lokacin marka in mun bar Damagaram mun tafi gona wajen Mirya, wanda ya fito kan juji ko kashin shanu laimar kwaɗi take ce masa, ko hannu ba ta bari mu kai. Nata na gindin suri ne, mai doguwar jijiya da ta nutse har cikin gidan gara, sai an tona da wuƙa, ashe ma garar ce ke nomansa a can ciki don abincinta, ikon Allah. Shi take sa wa a miya ta ba wanda ya tashi daga ciwo jiki ba ƙarfi. Akwai kuma wani dogo kamar makaɗin ganga da ke fitowa a rairayi, in ya bushe aka fasa sai baƙin gari, shi take barbaɗa wa gyambo, har a Mali ana haka da shi. Iyakarta kenan, Allah ya jiƙanta, kala biyu, su ma uwarta ce ta nuna mata da hannu.

Na san abin da kuke gani a Facebook, jan nan mai tauri na jikin kututture da Sinawa ke ce wa lingzhi, ana zuba shi a kofi wai yana warkar da suga da daji. Wallahi abin na damuna, don na ga maƙwabciya ta ajiye maganin lopital saboda shi har ta kwanta. Su Japan da suka ciro magani daga wani naman kazansu shiitake, aka amince da shi a 1985, allura ce likita ke yi tare da sauran maganin ciwon dajin ciki, ba ita kaɗai ba.

Kuma mai dafin shi ne abin tsoro, wani kamarsu ɗaya da mai kyau. Akwai fari babba da ƙarƙashin lemarsa ke komawa kore-kore in ya tsufa, amai da zawo kamar rai zai fita. Akwai wanda ya fi shi, sai an yi awa 6 har 24 lafiya lau sannan ciwon ya taso, a lokacin ya riga ya kama hanta, kuma dafuwa ba ta kashe dafinsa. Hoton salula ba zai raba miki su ba.

Ki tuge na bayan ɗakin da tsintsiya ki binne kar yara su kai baki. In kin zo hutu da damina mu je Mirya tare, na san surin da Inna ke zuwa, in nuna miki. Ki gaida mamanki.