Dangin giginya na tsibirai: wanne ne zai rayu a ƙofar gida a Kebbi?

Wani Alhaji daga unguwar Gesse a Birnin Kebbi ya rubuto cewa ya kammala gini, yana son itatuwan ado a ƙofar gida. Ya ga hotunan lambun adana tsirrai na Pamplemousses da ke tsibirin Morishus, sai ga mai sayar da dashe ya kawo masa iri biyu daga cikin waɗanda ya gani: gajeriya mai ciki kamar kwalba, da doguwa mai santsin jiki kamar ginshiƙin siminti. Wacce zai saya?

Alhaji, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Kafin a yi ciniki, a fara tambayar asalin itacen, domin kowanne da iskar da ya saba sha. Mai cikin kwalbar nan asalinta wani ɗan tsibiri ne da ke arewa da Morishus, inda iskar teku mai laima ke kaɗawa shekara zagaye. Mu kuwa damina wata huɗu ce, sai hunturu ya busar da komai, sai bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu. Na ga irinta a wani gida a Badariya, an dasa ta a tsakiyar daɓen siminti. Kafin ruwan farko ya sauka bakin ganyenta duk ya ƙone ya yi ja, sabon tohon ya fito a takure. Ba ta mutu ba, amma kyan da aka saye ta dominsa ya tafi. In ranka ya biya, ka sayi ɗaya ka sa a babbar tukunya a inda rana ba ta dukanta bayan azahar, kuma a riƙa ba ta ruwa ba fashi.

Doguwar kuwa 'yar Kyuba ce, ita ce ma itaciyar da ƙasar ta ɗauka a matsayin tambarinta. Tana jure rana, amma mashayiya ce ta gaske. In babu rijiyar burtsatse a gidan, a haƙura da ita. Tana wuce mita 20, kuma da kanta take yar da tsohon ganye mai nauyi daga can sama, don haka ba a ajiye mota a gindinta, ba a barin yara su yi wasa a wurin.

Da ni ne, wata ta uku zan nema, wadda ake kira Bismarckia. Daga Madagaska take, amma daga filayen ciyawa na yammacin tsibirin, inda rani ke da tsawo kamar namu. Ganyenta faffaɗa ne irin na giginya, launinsa toka-toka mai sheƙi, kuma in ta kama ƙasa ba ta da yawan neman ruwa. Sai dai tana son fili, kada a matsa ta da katanga, kuma ba ta son a taɓa mata saiwa. Saboda haka ka sayi ƙarama da ta tashi a leda, ka guji babbar da aka tono daga wani wuri ko da an rage maka kuɗi. A wurin saye ka kama tohon tsakiya ka ɗan ja a hankali. In ya yi lagwai-lagwai ko ya zare, ka bar ta, domin irin wannan itaciya kai ɗaya gare ta, in ya ruɓe ba ta sake wani. A dasa a Yuli, lokacin da ƙasa ta jiƙa sosai.

Wata Hajiya daga Argungu kuma ta ce wani a Facebook yana tallar irin kwakwar teku, wadda aka ce ƙwallonta ya fi na kowane tsiro girma a duniya, ya ce ta tura kuɗi ya aiko mata.

Hajiya, don Allah ki riƙe kuɗinki. Itaciyar gaskiya ce, kuma abar mamaki ce. Tsibirai biyu na ƙasar Seshels, wato Praslin da Curieuse, su ne gidanta, kuma kurmin Vallée de Mai inda ta fi yawa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu ta sa shi cikin wuraren gado na duniya tun 1983. Ɗanta na yin shekara 6 zuwa 7 a sama kafin ya nuna, itaciyar kanta sai ta kai shekara 25 ko fiye kafin ta fara haihuwa. Gwamnatin ƙasar na sa ido ƙwarai kan fitar da ƙwallon. Wanda baƙi ke saye da takardar izini an riga an ƙwaƙule cikinsa, na ado ne kawai, ba ya tsira.

Abin da ke faranta mini rai shi ne masana tsirrai sun sa wannan itaciya a zuri'a ɗaya da giginyarmu da gorubarmu. Kamar giginya, ita ma akwai namiji akwai mace. 'Yar uwarta giginya na nan tsaye a fadamunmu, muna cin 'ya'yanta, muna dafa muruci, muna rufin soro da azararta da gara ba ta cika ci ba. Goruba kuma ta ba mu kaba ta tabarma da igiya. Abin da ke damuna, ana sarar giginya don azara, ana tone muruci a sayar, masu barin ƙwallo ya zama itace kaɗan ne. In kina da gona a bakin fadama, ki binne ƙwallon giginya guda goma a kan iyaka, a inda za su zauna har abada, don ba ta son dashe. An ce na nesa ka sha inuwarta, to a gona nisan ba ya hana komai.

Sai wani malami daga Jega da ya tambaya ko dabinon da aka tayar daga ƙwallo ya isa saye. Malam, na ƙwallo kusan rabinsu maza ne, kuma ba za ka gane ba sai sun yi fure bayan shekaru. Ka nemi ɗan da aka yaye daga gindin uwar da aka san zaƙinta. Tashar binciken dabino ta NIFOR, wato cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya, da ke Dutse a Jigawa wuri ne da za ka nemi shawara, kuma ka bar namiji ɗaya a gonar saboda barbara.