Amsa ga Yayana kan baƙar motar surukina

Yaya, Allah ya ƙara girma. Maganar da ka aiko bayan ka ga bidiyon nan nawa da motata a filin tsere a nan Amurka ta iso, kuma kwana biyu ke nan tana cina. Tambaya uku ka haɗa a numfashi ɗaya: ina ni ina wasan mota da furfura a gemu, kuɗin da nake ƙonawa a taya sun rasa wurin zuwa ne, sannan yaron da ke tsaye gefena riƙe da hular kwano, anya yana jin Hausa kuwa? Ta ƙarshen ce ta fi yi mini ciwo. Amma bari in fara da motar, don duk sauran a jikinta suke rataye.

Sunanta Buick Grand National, ƙirar 1987, kuma baƙa ƙirin ake yin ta, babu wani launi. Tana cikin motocin da Amurkawa ke kira masu ƙwanji, wato mota mai ƙofa biyu da aka cusa wa inji fiye da ƙimarta. Yawancinsu silinda takwas gare su. Ita wannan shida ne kawai, lita 3.8, sai dai an ɗora mata turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, ta fito daga kamfani da ƙarfin doki 245, ta riƙa ba manyan masu takwas ɗin kunya a zamaninta. A shekarar aka daina yin ta. Tana da 'yar'uwa mai suna GNX, guda 547 kacal aka ƙera, yanzu sai masu hannu da shuni. Tawa ba ita ba ce, kada wani ya je ya ce maka na yi kuɗi na ɓoye.

Ban ma saye ta ba. Ta mahaifin maiɗakina ce. Mutumin nan iyayensa sun yi ƙaura daga kudancin Amurka zuwa Michigan neman aikin masana'anta, kamar dubban baƙaƙen fata irinsu, shi kuma ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar Buick da ke garin Flint, kafin a rufe babban ɓangarenta a 1999. Da guminsa ya sayi motar nan sabuwa fil, ita ce abu ɗaya tak da ya taɓa saya don jin daɗin ransa. Shekarun farko na aurenmu ko sitiyarinta bai bari na taɓa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Baƙo ne ya zo daga wata duniya ya ɗauke masa 'ya. Abin da ya sassauta shi, wata Asabar na same shi a gareji motar tana gurnani ba daidai ba, na ɗauki dogon sukundireba na ɗora bakinsa a kan inji, na kafa kunnena a ƙotar, yadda Baba yake yi wa Fijo a garejinsa na wajen Ƙofar Ruwa. Na nuna masa inda ƙarar take fitowa. Ya dube ni ya daɗe, ya ce wa ya koya mini. Na ce ubana. Daga ranar ya fara kirana ɗansa.

Shi Kirista ne har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma ya san babu gado tsakaninmu, domin 'yarsa ta yi masa bayani. Saboda haka tun yana da ransa da lafiyarsa ya kira mu, ya miƙo mini makulli da takardu a gaban matarsa, ya ce kyauta ce. Na faɗi wannan ne don na san a gida za a yi tambayar.

Tunda mun zo kan maiɗakina, Yaya, shekara sama da ashirin ke nan ana ce mata Baturiya a gidanmu. Baƙar fata ce kamar ni da kai. Ta musulunta tun tana jami'a, kafin ta san akwai ni a duniya, kuma a masallaci aka haɗa mu, aka ɗaura aure da waliyyi da shaidu da sadaki. Birnin Detroit da kewayensa cike suke da Musulmi. A Hamtramck, inda muke yawan yin Juma'a, tun 2004 aka amince a kira salla da lasifika. Tana tuƙa tuwon shinkafa, tana kaɗa miyar kuka, kuma lokacin jinyar Inna ita ce take tashina da asuba ta ce in kira gida. Hausarta tana da gargada, na yarda. Amma duk sanda aka ce "ya Baturiyarka?" sai in ji kamar ana gaya mini har yanzu ba a karɓe ta ba. Ba ni kaɗai ba ne. Mu Hausawan nan 'yan kaɗan ne, na Najeriya da na Nijar da 'yan zangon Gana, kuma da yawanmu a nan muka yi aure. Wa za mu aura, bayan takardar kawo mace daga gida tana iya cin shekaru?

To, aikin da na yi wa motar. Turbo ba tsafi ba ne. Hayaƙin da zai fita ta salansa shi ake tarewa ya juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke tura iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta yi yawa, sai a ƙara mai, sai ƙarfi ya ƙaru. Daga kamfani matsin iskar yana wajen 15, a ma'aunin da mai faci yake auna taya da shi. Kowane yaro da ya samu irin motar nan, abin da yake fara yi shi ne ya murɗa wannan matsi sama, don sisi ba ya ci. Ni ma na yi, kuma na biya. Iskar da aka matsa zafi take yi, idan kuma mai bai ishe ta ba, wuta takan kama a cikin silinda kafin lokacinta, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na ji ƙarar nan wani dare, ban ɗaga ƙafa da wuri ba, gasket ɗin kan inji ya ƙone, farin hayaƙi ya turnuƙe bayana. Surukina yana raye a lokacin. Da na je gaya masa, na fi jin nauyi a kan ranar da na je neman auren 'yarsa. Bai yi faɗa ba. Kujera ya jawo ya zauna, ya ce in kwance, yana kallo.

Daga nan na koma bin abin daki-daki, yadda Baba yake cewa a fara da abin da zai tsayar da mota kafin abin da zai gudu da ita. Birki na fara gyarawa. Sai famfon mai babba, da waya mai kauri da ke kai masa wuta kai tsaye, da nozul masu faɗi. Sai babban sanyayin iska a gaban lagireto, don iskar turbo ta huce kafin ta shiga. Sai wata 'yar tanka ta sinadarin methanol da ke fesawa cikin iskar idan matsi ya hau, ya sanyaya ta, ya hana waccan ƙarar. Sai da duk wannan ya zauna na sa turbo mafi girma, na sake wa kwamfutar injin lissafi, na ɗaga matsi ya haura 20. Giyabos ma sai da aka sauke shi aka ƙarfafa cikinsa, don na asali ba a yi shi don wannan nauyi ba. Shekara tara abin ya ɗauke ni, kuma mafi yawa da hannuna, da daddare bayan na taso aiki. Wannan ce amsar maganar kuɗi. Ɗan abin da wani zai kashe a shan shayi da yawon ƙarshen mako nake tarawa in sayi ƙarfe ɗaya, wani lokaci na gwanjo. Kai shaida ne ko wata ɗaya saƙon gida bai taɓa yankewa ba, haka kuɗin makarantar yaran marigayiya.

Ka kira shi wasan mota, kuma na san abin da ke ranka: samarin da ke juya mota a kan titi ranar ɗaurin aure, jama'a na tsaye a gefe ba shinge, har a wayi gari ana zaman makoki a gidan biki. A nan ma akwai masu tsere a titi da tsakar dare, da caca a ciki, kuma ban taɓa zuwa ba. Inda nake zuwa fili ne da aka gina don wannan, miƙaƙƙiyar hanya mai layi biyu, tsawonta rubu'in mil, wato mita 402, da katanga hagu da dama da motar asibiti a tsaye. Hukumar NHRA da ke tsara dokokin wannan tsere tun 1951 take. Kafin ka shiga sai an duba motarka, taya da bel da batir, kuma duk wanda ke gama tafiyar ƙasa da sakan 14 dole ya sa hular kwano.

Hayaƙin da ka gani ba burga ba ce. Ana jiƙa tayoyin baya a ɗan ruwa, a murza su su yi zafi, robar ta yi danƙo ta kama ƙasa. Sai ka matsa layi a hankali. Ƙafar hagu a kan birki, ta dama tana danna totur, motar tana rawa tana son ƙwacewa, allurar matsi tana hawa, turbo yana fito kamar iskar hunturu a kafar taga. Fitilu masu ruwan ɗorawa guda uku su sauko, kore ya kama, ka saki birki. Bayanka ya manne da kujera. Kafin ka gama jan numfashi biyu ka wuce, a miƙo maka 'yar takarda da lokacinka a rubuce. Lokacin da motar take sabuwa kusan sakan 14 take yi. Yanzu tana yin 11.7, tana ƙetare layi da gudun kilomita 185 a awa.

Abokaina na fili kullum suna ce mini saura ƙiris, in ƙara matsi lokacina ya sauko. Na ƙi, kuma ga dalili. A dokar, tsohuwar mota irin wannan idan ta kai sakan 11.49 ko ƙasa da haka, sai an walda mata bututun ƙarfe na kariya a bayan direba. Da zarar an sa shi, kujerar baya ta tashi daga aiki. Kujerar bayan nan kuwa ita ce wurin surukata. Duk Asabar ta uku ta watan Agusta ana yin gagarumin jerin gwanon tsofaffin motoci a titin Woodward, daga Ferndale har Pontiac, abin da aka fara tun 1995. Dubban motoci, jama'a a jere a bakin hanya da kujerunsu, kowa ya wanke abarsa ya fito. Ban taɓa ganin abin da ya tuna mini da hawan Salla kamarsa ba. Ranar nan tsohuwar takan ci ado ta zauna inda ta saba zama tun mijinta yana tuƙi, jikokinta a gefe. Ba zan sayar da wannan don rabin sakan ba. Shi ya sa na bar wa motar na'urar sanyi da salansa mai hankali, da ƙafarta take zuwa fili ta dawo, da ita muke zuwa Idi idan Salla ta faɗo da rani. Daga Nuwamba kuwa sai in lulluɓe ta, domin gishirin da ake zubawa a titi saboda ƙanƙara yana cinye ƙarfe kamar gara.

Saura yaron. Har yau ban iya kiran sunansa ba, Yaya, ɗan fari ne, kuma mutanen nan sun gaji da tambayata dalili. A makaranta Turanci yake yi, da ƙannensa ma Turanci, wannan ba zan ɓoye maka ba, kuma yana damuna. Makarantar allo ta ƙarshen mako da muke haɗa kuɗi muna biya tana ba su karatu, ba ta ba su harshe. Amma garejina doka gare shi: ba a Turanci a ciki. Tun yana shekara shida yake tsugune a gefena, ina cewa miƙo sifana, riƙe fitila, kawo tsumma, sassauta, ɗaure, ya isa. A nan ya ji labarin kakansa, yadda muke wanke kayan inji a daro da fetur hannuwanmu na tsagewa da hunturu, yadda Baba ba ya karɓar kuɗin gyara a hannun direban da ya yi hatsari. A nan ya koyi cewa ba a miƙa wa babba abu da hagu. Ranar da aka ɗauki bidiyon nan, da la'asar ta yi, shi ya shimfiɗa mana darduma a gefen motar, ya tayar da iƙama, Turawa na wucewa suna rage murya. Wannan bai shiga bidiyon ba.

Wani lokaci nakan ji kamar ku a gida kuna auna mu da abin da ba ku auna kanku da shi. Yaran Kano nawa ne yanzu suke haɗa jimla ba su tsoma Turanci ba? Mu da muke bin dattijo ɗaya da ya rage mana a nan mu gaishe shi duk Lahadi, muke yin adashi, muke haɗa kuɗin likkafani da kabari idan ɗayanmu ya faɗi, mu ake tambaya ko mun ɓace.

Zan sa yaron ya kira ka ranar Juma'a bayan kun sauko daga masallaci. Ka yi masa Hausa zalla, kada ka tausaya masa, ka tambaye shi yadda turbo yake aiki ka ji. Sannan ina roƙon abu biyu. Mai zuwa nan cikin watan gobe zai biyo ta wajenka, a ba shi kuka da daddawa, na maiɗakina sun ƙare. Kuma in dogon sukundireban nan na Baba mai jar ƙota yana nan a cikin akwatin ƙarfensa, a haɗo mini da shi. Yaron ya fara kafa kunne a inji, da nawa yake yi.