Mene Ne Aikin Ƙarfin Lantarki a Cikin Injin Tokamak?

Tambaya: Malam, na karanta cewa maganaɗisu ne ke riƙe filasma, wato iskar gas mai tsananin zafi wadda ƙwayoyinta ke ɗauke da cajin lantarki, a cikin tokamak, injin da ake gwajin haɗe ƙwayoyin zarra a cikinsa domin samar da makamashi. To, ina ruwan ƙarfin lantarki da wannan aiki? Daga wani ɗalibin kimiyya a Zariya.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Gaskiya ne maganaɗisu ke tilasta wa ƙwayoyin filasma kewaya layukansa don kada su taɓa bango, domin zafin da ake nema a injin ITER, wanda ake ginawa a Kadarash da ke kudancin Faransa, ya kai digiri miliyan 150, wato ninki goma na zafin tsakiyar rana. Sai dai filasma ba ta kwanciya lafiya, ƙananan guguwa ne ke tashi a cikinta suna kwasar zafi daga tsakiya suna zubarwa a gefe.

Duk inda ƙarfin lantarki ya gitta wa na maganaɗisu, ƙwayoyin filasma sukan kauce wa hanyar kowane ɗaya daga ƙarfin nan biyu su ratsa ta gefe, kuma masu nauyi da marasa nauyi duk da gudu ɗaya suke tafiya. Wannan motsin ne ke juya guguwar, shi ne kuma maganinta. Idan ƙarfin lantarkin ya bambanta tsakanin ciki da waje, sai zoben filasma na ciki ya yi gudun da ya saɓa wa na kusa da shi, guguwar da ta faɗo tsakaninsu ta miƙe, ta tsinke tun kafin ta kai zafin ko'ina.

A 1982 ne Friedrich Wagner da abokan aikinsa suka ci karo da wannan yanayi a injin ASDEX da ke Garching a Jamus. Suna ƙara wa filasma zafi, kwatsam sai wani shinge mai faɗin 'yan santimita, wato yankin da guguwar ke tsinkewa har zafi ya kasa fita da sauri, ya bayyana a bakinta, lokacin da take riƙe zafi ya kusan ninkawa. Bayanin dalilin sai bayan wasu shekaru ya zo, kuma a ganina babu binciken da ya fi shi tasiri a wannan fage, tunda a kansa aka dogara wajen tsara ITER.

Shingen yana da nasa wahalar: matsi kan taru a bayansa har ya ɓalle lokaci-lokaci, ya watsa zafin da zai iya cin bangon babban inji, shi ya sa aka tanadar wa ITER ƙarin naɗe-naɗen waya na maganaɗisu domin rage wannan ɓallewa.