Bugun 2014 ya fi dacewa da ku

Ɗan'uwa, ka tambaya wane bugu na Dungeons & Dragons, wasan nan na ba da labari da kowa ke taka rawar wani jarumi, za ku ɗauka ku fara da shi a fadarku ta hira a unguwar Birni, tunda yawancin abokanka ba su taɓa wasan ba. Ni dai na biyar zan ce maka, wanda ya fito a 2014.

Wasan ya tsufa, tun 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi, kuma kowane bugu da masoyansa. Na 3.5, na 2003, yana da daɗi ga wanda ya ƙware, amma lissafinsa ya yi yawa, sabon shiga zai gaji kafin a sauke shayi na biyu. Na huɗu, na 2008, sai da taswira mai gida-gida da 'yan mutum-mutumi, kayan da ba ka samu a kasuwar Dole.

Abin da ya sa na biyar ya kwanta mini a rai shi ne sauƙin hukunci. Idan jaruminka ya samu galaba, misali ya lallaɓo maƙiyi ta baya ba a gan shi ba, sai ka jefa ɗan lido mai fuska 20 sau biyu ka ɗauki lamba mafi girma. Shi ke nan, labari ya ci gaba, ba a tsaya jayayya ba.

Ƙa'idojin farko kyauta ne a intanet, akwai kuma fassarar Faransanci. In ba ku da ɗan lidon, akwai manhajar waya da ke jefa shi. Gyaran da aka yi wa bugu na biyar a 2024 kuwa ku bar shi sai hannunku ya faɗa.