Hular sanyi daga tsakar kai zuwa goshi: wane zare da tsinke zan saya?

Tambaya: Anti barka da aiki. Yarona ɗan shekara 4 ne amma Allah ya hore masa kai, duk hular sanyin da na sayo a kasuwa sai ta bar masa shatin roba a goshi, ta manya kuma ta rufe masa ido. Ga hunturu ya kusa, mu kuma a Jos muke. Na ji ana fara saƙar hula daga sama, me zan saya? Kwarashi kawai na iya sosai.

Amsa: Maman yaro sannu da ƙoƙari. Kafin ki kashe ko sisi ki ari tef ɗin tela ki zagaya kansa ta goshi da saman kunne, a ce kin samu santimita 52, to hular ki yi ta 48, dan zare yana buɗewa, in kika yi daidai da kan wlh sati biyu za ki ga tana yawo.

Zare ki ɗauki na ulu mai kauri matsakaici, wanda ake cewa akirilik, giram 100 ya ishe ki har ya yi saura. Kar ki yarda a liƙa miki na auduga dan ya fi kyau a ido, auduga in ta saki ba ta komawa. Kuma ki goga zaren a wuyanki tun a shagon, in ya yi miki ƙaiƙayi yaro ba zai bar ta a kansa ba ko minti biyar.

Tsinken saƙa kuma lamba 4 ko 4.5, wato kaurinsa a milimita, amma ba dogaye biyun nan ba, ki ce a ba ki gajeru masu baki biyu guda 5, da su ake fara tsakiya, sai mai igiya na santimita 40 in hula ta yi faɗi. In kuɗi bai kai ba gajerun kaɗai za su gama aikin.

Ki fara da ido 8, wato madaukan zaren da ke kan tsinke, layi ɗaya ki ƙara 8, na gaba ki saƙa haka nan ba ƙari, za ki ga tana baje kamar faifai. Ki auna ido nawa ke shiga santimita 10 a saƙarki, in 20 ne kinga 96 kike nema dan ki samu santimita 48 ɗin, kina kaiwa sai ki daina ƙari ki yi ta sauka. Daɗin wannan hanya kenan, kina yi kina kifa masa a ka, in ya tsaya miki fa, ni nawa sai da biskit.

Inda mutane suka fi ɓata aiki wajen rufe baki ne, su ɗaure tam hula ta ƙi shiga. Ki rufe sako-sako, ko ki yi da tsinken da ya ɗan fi girma. Tunda kuma kin iya kwarashi, shi ma daga sama ake fara hularsa, sai dai ba ta kai ta tsinke miƙewa ba, santimita 2 kawai za ki rage daga awon kan.