Likita ya riga ya ji da hannunsa, me ya kawo awon taurin hanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu yana fama da ciwon hanta nau'in B. Likita ya danna masa ciki ya ce hantar ta yi tauri, amma duk da haka ya tura mu awo da wata na'ura, takarda ta fito da 14 kPa. Tunda ya ji da hannunsa, ina amfanin kashe kuɗin awo? Kuma mece ce kPa ɗin nan? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Ni malamin fiziks ne, saboda haka zancen magani na bar wa likitansa. Amma batun dannawa da tauri, nan kam gonarmu ce.

Kilofaskal ake nufi da kPa, ma'aunin yawan matsin da abu ke buƙata kafin ya lotsa. Ƙwaƙwalwa ba ta cika wuce 1 ba, tsoka tana wajen 10, ƙashi kuwa sai a miliyoyi. Lafiyayyar hanta tana kusa da 5.

Ki samu romon ƙafar saniya da ya kwana a sanyin hunturu ya daskare. Kusan dukansa ruwa ne, wasu siraran zarurruka na kolajin (furotin da ke cikin fata da jijiya) da ya narke ne suka riƙe shi. Masana na kiran irin wannan haidurojel, kuma da yawan naman jikinmu haka yake. Tabon da ke taurara hanta ma kolajin ne. To ki sa ɗan yatsa a tsakiyar kwano, inda romon yake da zurfi: zai lotsa salin alin. Ki koma bakin kwano inda ya yi siriri, za ki rantse ya fi tauri, alhali ƙasan kwanon kike ji. Ki danna ki tsaya, za ki ji ya ɗan saki. Ki ɗaga yatsan a hankali, za ki ga ya biyo ki kafin ya rabu. Romo ɗaya, amsa huɗu.

Wani Bajamushe masanin fiziks, Heinrich Hertz, shi ne ya fara yin lissafin haɗuwar abubuwa biyu masu lanƙwasa, a aikin da aka buga a 1882, bayan ya duƙufa kan gilasai da ake matsawa da juna. Abin da ya gano shi ne ƙarfi da zurfi ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Idan kan abin dannawa zagayayye ne, ninka zurfin lotsawa sau biyu yana cin ƙarfi kusan sau 2.8, domin wurin da suka haɗu yana ta faɗaɗa. Ke nan mai faffaɗan yatsa da mai siririn yatsa ba za su ji abu ɗaya ba, haka mai nauyin hannu da mai sassauci. Hertz bai sa danƙo a lissafinsa ba. Sai a 1971 Johnson da Kendall da Roberts a Ingila suka nuna, da ƙwallayen roba da na jelatin (abin da ke daskarar da romon nan), cewa abu mai laushi yana manne wa abin da ya taɓa shi ko ba a matsa ba. A ɗakin bincike ma, mai auna taurin haidurojel yakan kiyaye kada lotsawar ta wuce kashi 10 cikin 100 na kaurinsa, gudun kada ya auno farantin da ke ƙasa.

Hannun likita kuwa sai ya ratsa fata da kitse da tsokar ciki kafin ya taɓa gefen hanta ta ƙarƙashin haƙarƙari. Ban raina wannan hannu ba, ƙwararre yana jin abin mamaki. Sai dai ba zai iya cewa bara 9 ne bana 14 ba.

Na'urar, wadda aka fi sani da FibroScan ta ƙasar Faransa, ta kauce wa yawancin wannan rikici. Ana ɗora kanta tsakanin haƙarƙarin dama, ta yi ɗan bugu, girgiza ta shiga cikin hantar, sannan ta bi sawun girgizar da sauti irin na hoton ciki. Gwargwadon taurin nama, gwargwadon saurin tafiyarta: a hanta mai 5 kPa kusan mita 1.3 a daƙiƙa, a mai 14 kuwa sama da mita 2. Akan yi awo goma a ɗauki na tsakiya.

Ga masu nau'in B, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar sama da 12.5 a matsayin alamar tabo mai yawa, don haka lambar Baba ba ta wasa ba ce. Amma ba tabo kaɗai ke ɗaga ta ba. Kumburin hanta yana ɗaga ta, ciwon zuciya da ke sa jini ya taru a hanta yana ɗaga ta, har abincin da aka ci dab da awo, shi ya sa ake son a yi kamar awa uku ba a ci komai ba. Idan Baba ya karya kumallo kafin a auna shi, ki gaya wa likita, ki kuma tambaye shi abin da gwajin jinin hantar ya nuna a wannan makon.